Zauren Tsibiri a baƙi-da-fari

Ina cikin alwalar la'asar waya ta yi ƙara. Sani ne, ɗan yayata, daga Kwatano.

"Kawu, kar ka ɓoye mini. Yaushe Inna ta cika?"

Buta ta kusa suɓuce mini. Da safe na baro Yaya a ƙauyenmu Tsibiri lafiya lau, amma tsohuwa ce.

"Wa ya gaya maka?"

"Hoton da ka turo mana."

Nan na tuna. Tsohon zaurenmu na ƙasa na ɗauka kafin damina ta ƙarasa shi, na maida shi baƙi-da-fari don zanen bangon ya fito. Ashe Yaya na zaune bakin ƙofa. Mu kuwa nan, in an cire wa hoton tsoho launi, ta'aziyya ce ta rage.

Na yi ta kiranta, shiru. Da ƙyar dai ta ɗauka.

"Kai ne ka kashe ni? To zo ka sallami masu gaisuwarka, sun shanye mini fura."

Na maido wa zauren jar ƙasarsa a hoton. Ku masu ɗaukar tsofaffin gine-gine, wanne kuke zaɓa, mai launi ko baƙi-da-fari?