Rigar Kujerar Gaba

A layin masu gyaran mota, tsakanin mai faci da mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, akwai wani shago mai ƙofa ɗaya da rumfar kwano a gabansa. A nan Rediyo yake ɗinka wa kujerun mota riga. Abokan sana'a ne suka laƙa masa sunan, don daga buɗe shago har rufewa bakinsa ba ya hutawa. Matarsa ma in ya ƙure ta, da sunan take kiransa.

Da can telan kayan mata ne. Shekara tara ya yi yana wannan aiki kafin ya sayi keke mai cin fata da leda ya koma kan motoci. In aka tambaye shi dalili sai ya ce kujera ba ta ƙiba tsakanin awo da karɓar ɗinki, kuma bai taɓa ganin wadda ta dawo tana kuka an matse ta a hammata ba. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ya yarda. In ya sa wa kujera riga sai ka rantse da ita aka ƙero motar. Da keken nan ya riƙe gida, ya sa 'yan biyunsa mata a makaranta, ya rufa wa kansa asiri shekara ashirin.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa rumfarsa ba ta rabuwa da 'yan zaman hira. Da an kawo mota sai ya zura kai ciki, ya shaƙi iska, ya dubi tabon kujeru, ya juyo ya karanta wa mai ita tarihinsa a gaban jama'a. Wannan yana shan sigari a ɓoye. Wancan 'ya'yansa huɗu kuma duk sun fi ƙarfinsa. Sau da yawa yakan dace, mai motar ya yi dariya har da riƙe ciki, a rabu ana raha.

Wata Talata da hantsi wata ƙaramar mota ruwan toka ta tsaya a bakin rumfar. Mace ce ke tuƙi, za ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Ta zagayo ta buɗe gidan gaba, ta kama hannun wani dattijo mai sanda, fes da shi cikin farar riga da ta sha guga, ta zaunar da shi a kan benci kusa da mai faci da wasu direbobin tasi biyu. Sannan ta matso wurin Rediyo ta yi ƙasa da murya.

"Malam, rigar kujera nake so wadda ruwa ba ya ratsawa. Ta gaba kaɗai."

"An gama, Malama. Bari in ga mara lafiyar."

Ya rataya tef ɗin awo a wuya ya zura kai cikin motar. Ƙamshin sabulu da turare ya fara bugunsa, a ƙarƙashinsu kuma ga zarnin fitsari. Ya danna soson kujerar da tafin hannu ya ji danshi. Sai ya fito da kai yana fifita hanci, ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"Kai, kai, kai! Malama, yaron nan naki famfo aka jona masa? Ai wannan ba riga zan ɗinka ba, baho za mu girka masa a nan!"

Direbobin suka tuntsire da dariya. Shi kuwa da ya ji dariya ta karɓu sai ya ƙara wuta.

"Tsakani da Allah, shekararsa nawa?"

Daga kan benci aka amsa, a hankali, ba tare da rawar murya ba.

"Saba'in da takwas, ɗana."

Dattijon ne. Hannayensa biyu na kan sandar, idonsa na kan Rediyo.

Mai faci ya tashi ya ce ya bar taya a ruwa. Direbobin suka zaro wayoyinsu suka duƙufa a kai. Rediyo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi daga ƙeya har gadon baya.

"Baba, tashi mu tafi," in ji matar. Idonta ya cika.

"A'a, tunda mun zo bar shi ya auna. Gobe ma da asibiti, kuma kujerar ce dai zan hau."

Rediyo ya auna. Sau uku yana ɗora tef a wuri ɗaya yana manta abin da ya gani. Da ƙyar ya iya cewa su dawo Asabar, kuma ƙasa ya faɗa wa, ba su ba.

Ranar tun la'asar ya rufe shago. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya ta gan shi ya shigo ba sallamar kirki, ya zauna a kan bokitin da aka kife.

"Baban 'yan biyu, lafiya? Wa ya mutu?"

Ya ba ta labari, bai rage komai ba. Ta tsaya da zani a hannu tana kallonsa.

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"Na sha gaya maka bakin nan zai kai ka inda ƙafarka ba za ta iya dawo da kai ba." Ta ninke zanin ta ajiye. Ita ta yi jinyar mahaifiyarta shekara biyu a ɗakin nan na kusa da ƙofa, don haka da faɗan ya lafa sai ta tambaye shi da me zai yi rigar. Ya ce da leda mai kauri, irin ta kujerun tasi.

"Kada ka soma. Ledar nan ƙara take yi. Duk motsin da ya yi za ta tuna masa. Inna har daina juyi ta yi a kan gado saboda ƙarar. Kuma in kujerarsa kaɗai ka rufe, duk wanda ya leƙa motar ya san zancen."

Washegari ya tafi gidan wani bakanike da ke da irin motar a ajiye, ya roƙi mabuɗi ya auna kujerar direba da ta baya. Ya sayo yadi mai laushi ruwan toka, da siririn soso, da shimfiɗar roba irin ta gadon asibiti wadda ba ta ƙara. Ya yanka wa duk kujerun yadi iri ɗaya. Ta dattijon kaɗai ya ɓoye wa robar a ciki, ya yi wa mazauninta zif ta ƙasa don a iya zarewa a wanke, ya kuma ɗinka mazaunin guda biyu. Kwana uku ba a jin komai a shagon sai kukan keke. Mai wayarin ya leƙo ya ce, "Yau batir ya mutu ne?" Bai ɗago ba.

Ya yi ta addu'a mai motar ta zo ita kaɗai. Ranar Asabar sai ga su tare.

Ya gaishe su ya hau aiki. Ya zare matashin kan kujerar, ya zura rigar daga sama kamar mai sa wa yaro singileti, yana ja yana lallashin kafaɗun har ta zauna. Ya cusa igiyoyin ta tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina, ya kwanta rigingine a daɓen motar ƙafafunsa a waje, ya maƙala ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya fito da makullin bel ɗin kujera ta ramin da ya bar masa. Da ya ɗauko ta direba matar ta ce, "Ɗaya na ce."

"Na sani, Malama. Don su zama iri ɗaya ne."

Ta dubi rigunan, ta dubi mahaifinta. Ya nuna mata zif ɗin da mazauni na biyu da yatsa kawai, ta karɓa ta sa a jaka.

Da ya gama ya wanke hannu, ya zo gaban bencin ya tsuguna.

"Baba, na yi maka rashin kunya. Ba ni da abin cewa. Ka yafe mini."

Dattijon ya dube shi ya ce:

"Tashi, ɗana, gwiwarka za ta yi ciwo. Ni malamin firamare ne, shekara talatin da biyar. Akwai yaron da ya taɓa jiƙa wandonsa a ajina, na tsayar da shi a gaban allo na sa 'yan ajin suka yi masa waƙa. Tun ranar Talata shi nake gani. Ko sunansa na kasa tunawa."

Rediyo bai san ko an yafe masa ba ne ko ba a yafe ba. Ya miƙa hannu zai taimaka masa ya tashi, matar ta riga shi. Dattijon ya zauna a sabuwar kujerar, ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya shafa gefenta da tafin hannu. Ya ce wa 'yarsa ta sauke gilashi, zafi ya yi yawa. Ita kuwa har ta ja motar ba ta dubi inda Rediyo yake ba.

Hanyar asibitin ta gaban layin take bi. Sau biyu a mako, da hantsi, motar kan wuce, shi kuma da ya hango ta sai ya sunkuya kamar zare ya tsinke masa. Ya fi wata biyu yana haka. Wata Laraba ta rutsa shi a tsaye a bakin titi da almakashi a hannu, babu wurin ɓuya. Ya ga hannun dattijon ya ɗaga a bayan gilashi. Ko gaisuwa ce, ko mariƙin saman ƙofa yake nema, bai tantance ba. Ya dai ɗaga nasa hannun, da almakashin da komai, har motar ta sha kwana.