Gitar Kawu da Algararar Goro

Ran nan ɗana ya shigo gida da wata tsohuwar gita da ya samo a Black Market ta Adjame, yana ta washe baki kamar wanda ya sayo mota. Yana buɗe akwatinta sai wani wari ya buge ni, warin katakon da ya sha laima har ya fara fumfuna. Wallahi sai da na nemi kujera na zauna. Warin ɗakin kawuna ne sak, a gidanmu na haya da ke Arras cikin Treichville, tun ina 'yar firamare.

In ba ka taɓa zama Abijan ba, ba za ka gane yadda muke fama da laima ba. Da damina ka ajiye takalmi ƙarƙashin gado, kafin mako ya zagayo ya yi farin gemu. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana a igiya ya tashi yana tsami. Mu duk abin da ya lalace a gida laima muke zargi, kuma yawanci da gaskiyarmu.

Kawuna shi ne autan kakata. Ya yi boko, Faransanci a bakinsa ya fi Hausa gudu, kuma yana da aiki mai kyau a tashar jiragen ruwa, yana ƙirga buhunan da ake saukewa. A can wani matuƙin jirgi ya bar masa gita. Tun daga ranar kawu ya zama bawanta. Yakan cika tsohuwar safa da ɗanyar shinkafa ya zura a cikinta don ta tsotse laima, ya sa gawayi a akwatin, ya goge tsirkiyoyin kada su yi tsatsa. In rana ta leƙo sai ya fito da ita tsakar gida ta ɗan sha iska. Mu yara ko yatsa muka kai sai mun sha rankwashi.

Kakata kuwa 'yar Nijar ce, gidan fatake da malamai, goro take sayarwa a Adjame tun kafin a haifi uwata. A wurinta duk mai riƙe da abin kiɗa maroƙi ne, ko da taye a wuyansa. Ba ta taɓa cewa gita ba, sai dai molon Nasara. Ta daure da shi muddin a ɗaki yake kaɗawa. Amma ranar da ta ji ya ajiye aikin tasha ya koma kiɗa a gidajen cin abinci, inda ake shan abin da ba a faɗa, sai ta ce masa ya zaɓa, ko ita ko molon. Bai ajiye molon ba. Daga ranar ta daina yi masa magana.

Kada ka ɗauka fushin mako guda nake nufi. Shekaru aka yi. Gida ɗaya, buta ɗaya, yana durƙusawa ya gaishe ta kowace safiya, ita kuma ta ci gaba da jan carbinta. In akwai saƙo ta bakinmu yake bi. Yana zaune a gabanta za ta dube ni ta ce, "Ke, gaya wa mai molo tuwonsa na hucewa." Da farko dariya abin yake ba mu. Da na girma na ga yadda yake sunkuyar da kai, sai ya daina ba ni dariya. Har ranar da ya samu hanyar tafiya Kanada tare da wasu makaɗa, ya zo sallama, bango ta kalla ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Lokacin ba mu da waya a gida. Shagon wani Balaraben Muritaniya da ke bakin layi yake kira ran Juma'a bayan masallaci, a aiko mu je, ni da uwata. Kakata ba ta taɓa zuwa ba, ba ta kuma taɓa tambayar me ya ce ba, sai dai in mun dawo za ka ga ta rage muryar rediyo.

A can Kanada, da zafi kawu yana kiɗa a waje, abin na tafiya. Da sanyinsu ya shigo, irin wanda ruwa ke daskarewa a titi, kiɗan waje ya tsaya, sai ya adana gitar ya kama aikin ɗaukar kaya har bazara ta dawo. Kuma ya adana ta yadda ɗan Treichville ya iya. Ya ƙara mata shinkafa, ya jingina akwatin jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, wai kada sanyi da laima su kama ta.

Wata Juma'a ya kira muryarsa na rawa. Ya buɗe akwatin ya tarar fuskar gitar ta lotsa, wani siririn layi ya fara tsagewa daga ƙasa, ƙarafan wuyanta sun fito suna yankar hannu. Ya ce ya ƙara safa biyu ta shinkafa amma kullum abin gaba yake yi. Kuka yake, ƙato da shi. Na san ba katakon kaɗai yake wa kuka ba. Saboda abin nan ya rasa muryar uwarsa, in ya fashe ya tashi ba ko ɗaya.

Muka dawo uwata tana ba maƙwabciya labari a tsakar gida. Kakata na gefe tana tsince goro, tana yayyafa wa algarara ruwa, wato tsumman buhun da ake lulluɓe goro da shi don kada ya bushe. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Amma Juma'ar da ta zagayo, ana aikowa daga shago, sai muka ga ta yafa mayafi ta riga mu fita. Uwata ta kama baki.

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ba sallama ba gaisuwa.

"Kai, leɓenka na tsagewa a garin nan?"

Can na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa. "Inna? Inna, ke ce?"

"Tambayarka na yi."

Ya ce yana tsagewa, har haɓo yake yi da safe.

"To ƙishirwa ke damun molon naka, sakarai. A garinmu ƙwarya ma haka take fashewa da rani. Ka zubar da shinkafar nan, ka ɗauke shi daga jikin wuta. Ka jiƙa tsumma ka matse shi sosai kamar na goro, ka sa a kwanon sabulu mai huji, ka rufe su tare. Kada ruwa ya taɓa katakon. In ya bushe ka sake jiƙawa."

Ta miƙa wa uwata wayar ta fice. A hanya na ga tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin masu suyar ayaba ne.

Gitar ta tashi. Cikin 'yan makonni fuskarta ta dawo daidai, tsagin ya haɗe har wani mai gyara ya like shi. Daga nan duk lokacin sanyinsu kakata na zuwa shago, ta karɓi waya ta ce, "Ya sha ruwa?" Ya ce ya sha, Inna. Ta miƙa wayar. Iyakar hirarsu ke nan shekara da shekaru, kuma ni shaida ce ba wanda ya taɓa fashi a cikinsu.

Shekarar da gari ya rikice, hanyoyi suka rufe, ita ce shekarar da ta kwanta ciwo. Kawu ya nemi zuwa ido rufe, ba hali. Lokacin salula ta zo, na kara mata a kunne. Da ƙyar muryarta ke fita ta yi tambayar da ta saba, ya ba ta amsar da ya saba. Na kai hannu zan ɗauke wayar sai ta riƙe min yatsu.

"To kai fa, auta? Kana cin abinci?"

Sai shessheƙarsa na jiyo. Ta jira shi, ta ce ba komai, ta ji. Kafin wata Juma'ar an kai ta makwancinta.

Yanzu duniya ta canza. Shagon Balaraben ya zama wurin sayar da wayoyi, kawu kuma ya yi furfura, ina ganinsa a fuskar waya duk lokacin da na so. Ya nuna min abin da ake yayi yanzu, wata 'yar roba mai soso da ake ratayawa tsakanin tsirkiyoyi, da na'ura a kusurwar ɗaki mai fesa danshi, har da agogon da ke nuna in iska ta bushe. Ya ce sun fi tsumma aiki nesa ba kusa ba, gitar ba ta sake ko tari ba. Na tsokane shi na ce to ai yanzu ya huta, ba mai binsa da tambaya. Ya yi 'yar dariya, ya cire tabarau yana gogewa.

"Ɗiyata," ya ce, "da na san tsagewarta ce za ta sa Inna ta yi min magana, da tun a Arras na bar gitar nan ta fashe."