Farin Maɓallin Baba Guduma

Guduma ake ce wa mahaifina, kuma ba don sana'arsa ta gyaran jikin mota kaɗai ba. Duk abin da ya ƙi jin magana a gidanmu duka yake sha: rediyo, fanka, ƙofar banɗaki, mu 'ya'yansa. Abin haushin, rediyon yakan gyaru in ya mare shi, sai ya juyo ya kalle mu wai ya kafa hujja. A gareji kuwa muryarsa ta fi ƙarar ƙarfe. In ya daka tsawa daga ƙarƙashin mota, har mai shagon ƙarshen layi sai ya gyara zama. Ni zuciyarsa na gada, ban gaji hannunsa ba, shi ya sa muka iya zama gida ɗaya.

Yayana bai iya ba. Yana saurayi ya ja motar wani da aka gama wa fenti, ya goge ta a jikin ginshiƙi. Baba ya ɗauki sifanar taya ya sauke masa a hannun hagu. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar ƙashin. Hannun ya warke a karkace, Yaya ya tattara kayansa ya bar gari. Ko da Umma ta rasu, a maƙabarta ya tsaya, bai tako gidan ba.

Bayan shekaru ciwon daji ya kama Baba a maƙogwaro. Likita ya ce za a yi aiki, zai rayu, amma muryar ta tafi ke nan. Ga shi Baba bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa da babban yatsa yake sa hannu. Sai wani mai gyaran kwamfuta a layinmu ya kawo shawara. Ya sa mana wata 'yar tsohuwar manhaja a kwamfutata ta makaranta, wadda za a naɗi magana a ɗora ta kan maɓalli, in an danna ta fito ta lasifika. Muka zauna kafin ranar aikin muna naɗar Baba.

Kun san me mutumin nan ya zaɓa ya bar wa duniya? Fita. Zauna. Kawo ruwa. Rufe ƙofa. Anjima. Sai wani zagi da ba zan maimaita ba, wanda ya sa na sake naɗa har sai da ya fito masa da daɗi. Ya ɗauko ragowar fentin mota ya ɗiga wa kowane maɓalli launinsa. Na ce bari in kwafe a wayata don gudun tsautsayi, ya ce muryarsa ba waƙa ba ce da za a riƙa yawo da ita a aljihu, in na kuskura sai ya taka wayar. Na san zai taka.

Na ƙarshe fari ya shafa masa. Ya sa na juya fuskata bango, ya daɗe yana gyaran murya, sannan ya ce:

"Ɗana, hannun nan naka, ni na yi zalunci. Ka yafe mini."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, shi zai danna da kansa ranar da yaron ya zo.

Aka yi aiki, ya dawo da huda a wuya, ya bar gareji. Kwamfutar ta zauna kan tebur a falo kusa da kujerarsa, gudumarsa ta aiki a ƙarƙashin teburin, don ya ce ba zai bar wa yaran gareji ita ba. Da yatsa ɗaya ya ci gaba da mulkin gidan. Maƙwabta ma sun ce ba su ga abin da ya ragu ba.

Sai wani akwati shuɗi ya fara ɓullowa a allon, wai a sabunta kwamfutar gaba ɗaya zuwa sabon tsari, kyauta. Mai gyara ya ce kada mu yarda, manhajar muryar tsohuwa ce, ba lallai ta tashi a sabon ba. Baba bai iya karatu ba, amma daga ranar ya san akwatin nan da launinsa. Da farko akwai wajen cewa a'a. Daga baya wajen ya ɓace, ya rage ko yanzu ko anjima. Wane irin baƙo ne wannan, ka ce masa ba ka so, ya ce to zai dawo? Ni kaina na tsane shi. Cire intanet kuma ba zai yiwu ba, da kwamfutar nake ɗan aikin da muke ci da shi.

Baba ya manna baƙin salatif a allon, daidai wajen da aka rubuta yanzu. Bayan wani lokaci masu tsarin suka sauya wa wuraren mazauni, salatif ya koma kan anjima. Da na nuna masa, ya wurga kofin shayi ya fashe a bango, ya danna maɓallin zagi ya yi ta dannawa yana kallon allon. Ranar da mai gyara ya zo dubawa ya kai hannu ba tare da ya yi bayani ba, Baba ya sauke masa sanda a yatsu. Bawan Allah ya fita yana yarfe hannu, ya ce ko kyauta aka ba shi gidan ba zai sake shigowa ba.

Duk wannan lokacin ina ta kiran Yaya a waya. Na roƙa, na yi kuka, na zage shi. Wata safiya sai ga shi a ƙofa da 'yar jaka, ya yi furfura a gemu, hannun hagun a manne da ciki yadda ya saba riƙe shi. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya danna zauna, ya danna kawo ruwa. Ina kallo yatsansa ya je kan farin, ya tsaya. Sai ya zame gefe ya danna anjima, ya miƙe ya shige ɗaki ya kwanta. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi.

Na shiga kicin in ɗora girki. Yaya kuwa, zaman shiru ya ishe shi. Ya ga kwamfutar da salatif a fuska, ya ga akwatin ya ɓullo. A wajen aikinsu kowa ya daɗe da sabuntawa. Ya ce a ransa bari ya yi wa tsohon wani abu, tunda magana ta gagara. Ya ɓare salatif ɗin ya danna.

Na fito da faranti na tarar allon ya koma wani iri, hotuna sababbi, komai ya sauya waje. Baba ya fito, yana tsaye a kan Yaya. Ya danna ja, shiru. Ya danna shuɗi, shiru. Sai ya dubi Yaya, ya kai yatsa kan farin ya danna shi da ƙarfi, a karon farko. Lasifikar ta yi wata 'yar ƙara, ƙil, ta yi shiru.

Yaya ya ce, "Ni na sabunta maka, Baba. Waccan ta tsufa."

Ban ga lokacin da Baba ya sunkuya ba, gudumar kawai na gani a sama. Bugun farko allon ya tarwatse, gilashi har cikin farantin da ke hannuna. Ya juya kan akwatin kwamfutar. Yaya ya yi tsalle ya tare, yana cewa ya tsaya za a iya gyarawa, ya miƙa hannu, kuma hagun ya miƙa. Gudumar ta same shi ƙasan gwiwar hannu. Ƙarar nan dai da na sani. Ya faɗi, goshinsa ya daki bakin tebur, jini ya rufe masa ido. Na yar da faranti na ɗare bayan Baba, ina dukan kafaɗarsa, ina zaginsa da zagin da ya koya mini. Ya watsar da ni jikin kujera ya ci gaba. Mutumin da ya shafe shekaru yana daidaita ƙarfe ya san inda ake bugu. Ya lotsa akwatin, ya buɗe cikinsa, ya bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan babu ihu, babu tsawa, sai huci da ke fita ta hudar wuyansa. Shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan gudumar.

A asibiti aka ɗinke goshin, aka sa wa hannun filasta. Na karya rantsuwata a bakin gadon, na faɗa wa Yaya abin da ke kan farin maɓallin, kalma da kalma.

Ya ce, "Ke kika faɗa, ƙanwata. Ni abin da na ji daga wajensa, ga shi nan a naɗe."

Daga asibitin tasha ya wuce. Jakarsa ma ni na aika masa.

Na kwashi tarkacen a buhu na kai wa mai gyara. Ya juya faifan da ke ajiye komai, ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Ya ce sabuntawar ba ta goge muryar ba, manhajar ce kawai ta ƙi tashi, da an bar masa da ya ciro ta kafin la'asar. Na ce ya rufe mini baki. Da masu tsarin sun tsaya a a'a ɗin da muka ce musu tun farko, da ba mu zo nan ba. Ya ce haka ne, amma ba su suka ɗaga guduma ba. Na ɗauki buhuna na fito.

Madannan, wato jerin maɓallan, su ne kaɗai suka tsira, sun faɗa bayan kujera. Baba yana zama da su a cinya, wayarsu na reto ba ta haɗe da komai. Ba ya taɓa ja, ba ya taɓa shuɗi, ruwa ma sai dai in duba fuskarsa in kawo. Farin yake dannawa, tun safe, har fentin ya goge ya koma baƙi irin sauran.