Tekun Ɗakin Iya

A daminar shekarar da na shiga aji uku na firamare, wata Asabar da hantsi, Baba ya shigo gida riƙe da gwangwanayen fenti biyu, ya dire su a ƙofar ɗakin Iya, mahaifiyarmu. An sha ruwa da asuba, tsakar gida duk ta yi caɓi, ni da yayana Salisu muna zaune a rumfa muna ɓarar gyaɗar miya. Baba ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin gwangwani ɗaya, sai ga wani shuɗi mai kauri yana ƙyalli, irin wanda ban taɓa gani ba ko a zanen sallah. Iya ta fito da tsohon cikinta, ta durƙusa da ƙyar, ta tsoma ɗan yatsa a ciki, ta ɗaga shi sama ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da Hausarta mai karyewa, "Shi ne. Haka yake idan rana ta fito."

Iya ba 'yar garinmu Keffi ba ce. Bayarbiya ce daga wani ƙauyen masunta kusa da Badagiri, inda gidansu yake kallon teku. Baba direban babbar mota ne, yana kai doya da gawayi Kudu, ya dawo da gishiri da manja da kwakwa, a can ya gan ta ya aure ta. Ya kawo ta gidan kakanninmu da ke Tudun Ƙofa, gidan malamai, inda Kaka take mulkin mata, yayan Baba kuma, wanda muke kira Baffa, yake zaune a zaure da littattafansa. Ba wanda ya taɓa zagin Iya a gidan nan, amma ba wanda ya taɓa mantawa cewa baƙuwa ce. Idan ta tuƙa tuwo sai a ce ya yi ruwa, idan ta yi miya sai a ce barkono ya yi yawa. Ta koyi sussuka da tankaɗe, ta koyi jiƙa rogo, ta bi matan gida gonar da ke hanyar Gitata roron gyaɗa, amma duk ranar da muka je wanki rafin Antau sai ta tsaya tana kallon ruwan kamar wadda aka zuba wa abinci kaɗan a babban kwano.

Kafin zuwan fentin, da bular wanki take ƙoƙari. Takan dama farar ƙasa a tsohon bokiti, ta zuba bula, ta shafe bangon ɗakinta da tsumma. Yakan yi kyau na ɗan lokaci, sannan ya koɗe, ya riƙa bin bayan rigunanmu duk lokacin da muka jingina. Da Baba ya gaji da ganin haka ne ya sa aka yi wa cikin ɗakin shafen siminti, ya sayo fentin gaske. Ranar nan muka kwashe kaya waje, gado da akwati da jeren kwanoni, Baba ya tuɓe riga ya hau turmi da burushi. Ƙasan bango ya sha shuɗi mai duhu, saman kuma aka tsinka shi da fari ya zama na sararin sama. Warin fenti da kananzir ya cika gidan har Kaka ta ce kanta na ciwo, ta koma ɗakinta ta saki labule.

Bayan bangon ya bushe, Baba ya zo da wani ɗan ƙabilar Eggon mai suna Sande, wanda yake zana zakuna da furanni a bayan manyan motoci a tasha. Ba ƙaramin abu ba ne namiji baƙo ya shiga cikin gidanmu, sai da aka kora matan gida ɗakuna. Sande bai taɓa ganin teku ba, don haka Iya ta zauna a bayan labule tana faɗa, Baba yana maimaita masa. Ya zana ruwa a kwance kamar kogi, ta ce a'a, ruwan can tashi yake yi ya naɗe, bakinsa ya yi fari kamar kumfar sabulu. Ya goge ya sake. Ya zana itatuwan kwakwa a miƙe, ta ce iska ta karkatar da su duka gefe guda. Daga ƙarshe ya zana kwalekwale mai ja da rawaya, da mutum biyu a ciki suna jan taru. Iya ta ce babanta ne da ƙaninta. Ta ciro wasu fararen kwansunan bakin teku da ta zo da su daga gida a ƙulle cikin tsumma, ta jera su a bakin taga.

Washegari Baffa ya leƙo ya gani. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya kira Baba zaure ya ce ruwa da itace ba laifi, amma surar mutum ba za ta zauna a ɗakin da ake sallah ba. Baba ya dawo yana sosa ƙeya, ya rasa ta inda zai fara. Iya ta riga ta ji. Ta ɗauki burushi da kanta, ta tsoma a ragowar shuɗin, ta shafe mutanen biyu a hankali, ta fara daga ƙafafu ta ƙare a kawuna. Kwalekwalen ya zauna ba kowa a ciki. Ba ta yi kuka ba, sai dai ranar ba ta ci abinci ba.

Duk da haka ɗakin ya zama abin kallo a unguwa. Ƙawayena sukan bar 'yar gala-gala da carafke su biyo ni don su ga teku, mu kwanta a tabarma muna yin iyo da hannuwa, Salisu ya kifa turmi ya ce jirginsa ne. A ɗakin aka haifi ƙanwarmu Maryam. Iya takan jingina ta da kafaɗa ta nuna mata bangon, tana yi mata waƙa da Yarbanci, waƙar da ba ta taɓa koya mana ba don Kaka ta ce harshenmu zai lalace. A makaranta kuwa labarin ya juya. Yara suka fara kirana 'yar ruwa, wai uwata ta shigo da aljanun teku gida ta manna su a bango. Na yi dambe a bayan aji saboda wannan har aka yaga mini hijabi, na dawo na ce ƙaya ce ta kama shi.

Maryam tana rarrafe Baba ya rasu. Yana dawowa daga Kudu ne da lodin gishiri, motar ta kauce daga kan wata gada ta faɗa ruwa. Muna shanya rogo a kan dutse yaron motarsa, wanda ya tsira da karaya, ya aiko da labari. A can gefen kogin aka binne shi, ba mu ga gawarsa ba. Na tuna Kaka ta zube a bakin rijiya, na tuna Iya ta tsaya da tsintsiya a hannu ba ta sake ta ba har wata maƙwabciya ta zo ta ɓanɓare yatsunta.

Tun ba a share makoki ba maganar ta fara yawo. Matan da suka zo gaisuwa sukan leƙa ɗakin, su ga ruwa da kwalekwale ba kowa a ciki, su fito suna haɗa ido. Na ji wata tana cewa a madafa, ai wanda ya zana ruwa a ɗakinsa ruwa ya kira. Baffa ya tsawatar, ya ce ajali ne kuma wannan magana saɓo ce, amma tsawatarwa ba ta hana raɗa. A ɗakin nan Iya ta yi takaba, a kan tabarma, fuskarta tana kallon bangon da ake zarginta da shi. Masu shigowa taya ta hira suka ragu, har ya zama ni ce kawai nake kai mata kwano in dawo da shi kusan yadda na kai.

Da ta fita takaba, ƙaninta ya zo daga Badagiri. Aka zauna a zaure, mu yara aka kore mu. Abin da ya fito shi ne, Iya za ta koma gida da Maryam tunda tana shan nono, ni da Salisu za mu zauna a gidan ubanmu. Iya ta roƙa, ta durƙusa a gaban Kaka ta kama ƙafarta. Kaka ma kuka take yi, ta ce ta rasa ɗanta, ba za ta iya rasa 'ya'yansa ba. Ban ga mugu a cikinsu ba ranar, kuma har yau ban gani ba. Da safe muka raka ta tasha. Salisu ya ƙi kallonta, yana ta shurin tayar mota. Ni ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Binta, ki riƙa share ɗakin. Zan zo in gani." Motar ta tashi, Maryam tana ɗaga mana hannu tana dariya.

Aka mai da mu ɗakin Kaka. Na yi ta share na Iya har lokacin girbi ya yi, amfanin gona ya shigo, aka rasa wurin ajiya. Aka jibge buhunan gyaɗa da doya a ciki har suka rufe kwalekwalen, sai kawunan kwakwa kaɗai ke leƙowa. Ba a ƙara gyara kwanon rufin ba, ruwa ya riƙa bin bango, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa kamar fatar ƙuna. Da farko wani abokin Baba direba yakan kawo mana busasshen kifi da alawar kwakwa daga wurinta, ya ce tana gaishe mu. Da ya bar tuƙi, wannan ma ya yanke. Na sha roƙon Baffa a kai mu hutu, yakan ce sai mun ƙara girma. Ina sakandare wani ruwan tsakiyar damina ya kayar da bangon gabas. Ƙananan yaran gida suka tsince gutsattsarin simintin masu shuɗi suka yi ta wasan gala-gala da su.

Iya ta cika alkawari, ta zo, amma sai a bikin aurena. Ta tsufa, ta rame, Maryam ta zama budurwa tana riƙe da jakarta. Ta tsaya ta kalli filin da ɗakinta yake a da, inda aka kafa turakun awaki. Muka shiga ciki muka zauna a bakin gado. Nan na gane Hausarta ta tafi, sai gaisuwa kawai ta rage, ni kuma ba ni da Yarbanci. Ta yi magana mai tsawo tana riƙe da hannuna, Maryam ta taƙaita mini da Turanci cikin jimla biyu. Ban sake ganinta ba, ta rasu ina goyon ɗana na fari.

Yanzu rabin gidanmu ya zama ɗakunan haya na ɗaliban jami'a, duk an yi musu fenti ruwan madara iri ɗaya. Nakan gan su a bakin ƙofa da yamma, kowa da waya a hannu, suna kallon fuskokin iyayensu mata da ke Kalaba ko Legas, suna dariya, suna ƙorafin abinci. A lokacinmu idan mota ta bar tasha, ta tafi da mutum ke nan. Maryam tana zaune a gidan Iya na bakin teku, takan turo mini hotonsa duk lokacin da suka sake fenti, don iskar gishiri ba ta barin launi ya daɗe. Kullum tana cewa in zo, kullum ina cewa in sha Allah. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne doguwar maganar nan ta bakin gado. Har yau ban san sauran abin da uwata ta faɗa mini ba.