Gaisuwar da Ta Zubar Mini da Iri

Malam, mijina, ya zubar mini da irin gero tiya uku cikin yashi saboda gaisuwa, ya kuma ƙona mini ƙafa da salansan mashinsa. Har yau bai ce laifinsa ne ba, ni ma ba jiransa nake ba. Za ni rubuta tafiyar tun daga tashinmu har dawowarmu, don matan ajinmu na yaƙi da jahilci sun ishe ni da tambaya, kowace da irin labarin da ta tsinto a bakin rijiya.

Shekara ta biyu ke nan ta fari. Mun yi binne, wato shuka tun ruwa bai sauka ba, aka yi yayyafi, gero ya tsiro, rana ta cinye shi. Muka sake shuka, haka aka sake yi. Iri ya ƙare a gidanmu. Sai yayata Habsu ta aiko daga Bafarawa cewa ta ɓoye mini tiya goma na geron mahaifiyarmu, mai saurin nuna, in zo in ɗauka tun yunwa ba ta sa an kai shi turmi ba.

Malam shi ke da mashin. Makaranta ya gada, kuma daga Sabon Birni har Isa babu ƙauyen da ba shi da ɗalibi ko ɗalibin mahaifinsa. Bai taɓa gaida mutum da hagu ba. Totur kuwa a hannun dama yake. Da ya ɗaga hannu sai totur ya koma, tsohon mashin ya yi tari ya mutu, a sauka a yi ta buga kik. Na ce masa, "Malam, in haka za mu tahi, sai kaka mu isa Bafarawa." Wannan maganar tawa ce ta kai mu wurin bakanike. Ban ɓoye ba.

Sabon Birni, Litinin da la'asar

Lawali bakanike ya saurari Malam yana goge hannu da tsumma. Ya ce abin da ake nema shi ne a riƙe totur wuri ɗaya ko an sake shi, kuma hanya uku ce. Ta farko a cire sifirin da ke maido da totur. Ya ce wannan ko maƙiyinsa ba ya yi wa. Ta biyu wani ɗan maƙale mai kama da bakin cokali da 'yan kasuwar Nijar ke shigowa da shi. Ana matse shi a jikin totur, ya kwanta kan hannun birki, da an murɗa totur baya sai ya saki. Ta uku robar tsohon tif na cikin taya, a naɗe ta tsakanin totur da gidan makunni.

"Wanne ya fi sakewa da sauri?" Ni na tambaya.

"Maƙalen nan, Inna. Sai dai in hanya ta yi gargada yakan zame, sai an riƙa gyara shi."

"Ni abin da ba ya zamewa nika so," in ji Malam.

"Alagafarta, roba in ta kama ta kama. Kada a sa ta cikin gari, kada a sa ta cikin yashi. Hanya miƙaƙƙa kawai. Kuma birkin gaba ga wanga hannu yake, in ka ɗaga hannun ka bar shi shi ma."

"Yaro, tun ba a haihe ka ba nika hawan mashin."

"Wancan mashin ɗin bai da roba, Alagafarta."

Na ce a sa maƙalen. Malam ya ce wannan kayan samari ne masu son a gan su. Aka naɗa roba zagaye huɗu.

Talata: Sabon Birni zuwa Isa

Mun tashi ƙarfe biyar da minti ashirin, bayan sallar asuba. Na ɗaure hoce, gurasarmu ta dawa, da gorar ruwa a bayan mashin. Ina da agogo a hannu, kuma tun da na iya karanta shi ba na barin lokaci ya wuce ban duba ba.

Mun shiga Kurawa shida da minti biyar. A da sai mu ci fiye da awa ɗaya kafin nan. Robar ta yi aikinta, ba za ni yi mata ƙarya ba. Malam ya murɗa totur ya bar shi, yana jinjina wa masu fitowa masallaci, mashin na tafiyarsa. Gonaki dama da hagu jajaye, sai ɗan tsiron da ya bushe a bakin rami. Fulani na sare rassan itace suna jefa wa shanun da ake ƙirga haƙarƙarinsu daga kan hanya.

A Turba, bakwai da minti goma, muka sayi mai kwalba biyu. Mai man ya dubi robar ya ce, "Malam, mashin ɗin ya ji ciwo ne anka ɗaure mishi hannu?" Malam bai yi dariya ba.

Kafin a shiga Isa akwai shinge. Malam ya hango ɗan sanda ya ɗaga masa hannu, mashin bai rage gudu ba. Sai da ya taka birkin ƙafa, ya yi kokawa da totur, muka tsaya mun wuce ɗan sandan da taku goma. Ya biyo mu a hankali.

"Baba, gaisuwar ta iso. Amma tsayawa muke so."

Ya duba takardu, ya taɓa robar da yatsa, ya ce a cire ta. Malam ya ce to. Muka wuce da ita.

Isa zuwa Bafarawa

Takwas daidai muka sha shayi a tashar Isa, muka ci hocen da na zo da shi. Mai shayin ya ce sukari ya yi tsada, ya zuba mana rabin cokali-cokali. Daga nan hanyar daji ce, ramuka da ƙaya. Na ce wa Malam ya tuna maganar Lawali. Ya ture robar gefe har muka isa, tara da kwata.

Yaya Habsu ta rame. Ta ja ni ɗaki, ta janye gado, ta fito da tulu mai liƙaƙƙen baki. Ta auna mini tiya goma da hannunta, ta ɗinke buhun da zare riɓi biyu.

"Kulu, wanga shi ne na ƙarshe. Ɗiyana sun kwana biyu ga garin kwaki ina kallon tulun nan ban buɗe ba. Kada ki bari ko ƙwaya ta hwaɗi."

"Ba ta hwaɗuwa, Yaya."

Na so mu juya ranar. Malam ya ce ba a shiga Bafarawa a fita ba a gaida malamai ba. Ya fita da hantsi, sai magariba muka gan shi. Muka kwana, abincin dare tuwon masara da miyar kuka ba mai.

Laraba: rafin bayan Turba

Shida da rabi muka kamo hanya. Na ƙi a ɗaure buhun a baya, na ɗora shi a cinyata na rungume. Bayan Isa Malam ya maido da robarsa kan totur. Na gani, na yi magana sau ɗaya, ya ce hanya miƙaƙƙa ce.

Tara saura minti ashirin muka iso wani rafi bayan Turba. A shekarar kirki sai an naɗe wando a tsallaka shi. Bana yashi ne zalla. A tsallaken akwai wani tsoho kan jaki. Malam Umaru ne, wanda ya karantar da Malam littattafai yana saurayi. Na ji jikin Malam ya miƙe.

"Malam, yashi," na ce.

Hannunsa ya riga ya tashi. Ƙafar gaba ta nutse, kan mashin ya juya. Ya kawo hannu zai rage wuta, totur ya ƙi komawa. Muka kwanta ta dama. Salansa ya sauka kan ƙwaurina, buhu ya daki wani dutse ya fashe daga ɗinki. Mashin kuwa bai mutu ba. Yana kwance yana ruri, ƙafar baya na juyawa, tana kwasar geron da ya zube tana watsa shi cikin rafi. Na miƙa hannu ta saman tanki na murɗe makulli.

Da na janye ƙafata na duba, Malam ya tashi, ya kaɗe riga, ya durƙusa gaban jaki yana ƙarasa gaisuwarsa.

"Wa ke nan?" in ji tsohon.

"Ni ne, Alagafarta, ɗalibinka na Sabon Birni."

"Af, kai ne? Ni ban ga kowa ba, ƙara kawai na ji. Idona tun bara ya tahi."

Na tuɓe mayafi na shimfiɗa, na fara kwasar gero da tafin hannu.

Da tsohon ya ji abin da ya zube, sai ya juya jakinsa zuwa unguwarsu, nan kusa. Ya dawo da surukansa mata biyu, da rariya da faifai da man kaɗe. Babbar ta shafa mini man a ƙuna ta ce, "Inna, ke zauna ki riƙa tankaɗe, mu za mu kwaso." Yashi na wucewa ta rariya, gero na tsayawa. Wanda taya ta watsa nesa kuwa ya tafi, tantabaru sun riga mu. Malam ya zo zai sa hannu, na ba shi allura da zare na ce ya ɗinke buhu. Awa biyu muka yi. Aka auna da tiyarsu, bakwai, da tsakuwa a ciki. Na ɗebi tafi biyu za ni ba matan, suka ƙi. Ƙaramar ta ce in ya nuna in aiko musu da zangarniya.

Da za mu tashi na ce a cire roba. Malam ya ce, "Laihin yashi ne." Ya ture ta gefe, bai cire ba.

"To ji nan, Malam. Hannunka biyu ga kan mashin har gida. Gaisuwa ta dawo wurina."

"Mace ta yi ta ɗaga wa maza hannu bisa hanya?"

"Macen da ta kwanta cikin rahi ƙahwa sama gaban malaminka, ɗaga hannu ba ya ƙara mata komi."

Turba zuwa gida

Sha ɗaya da kwata muka bar rafin. Hannun hagu na riƙe da buhu, na dama yana sama. Duk wanda muka wuce sai in ce, "Malam na gaishe ku." A Kurawa wasu dattawa a gindin bedi suka amsa gaba ɗaya, ɗaya ya bi mu da murya yana tambaya ko Malam ya naɗa waziri. Wuyan Malam ya yi tauri, amma mashin bai mutu ko sau ɗaya ba, kuma bai bar hanya ba.

Mun shiga gida ƙarfe ɗaya saura minti goma. Na gode wa Allah da ya maido mu da ƙafafunmu. Na gode wa Yaya Habsu, wadda ban san da bakin da za ni gaya mata tiya uku na cikin rafi ba. Na gode wa Malam Umaru da surukansa, da Lawali da ya faɗi gaskiya ba a ji ba. Da yamma hadari ya taso gabas, ya yi duhu, iska ta kore shi.

Alhamis da safe, Malam na zaure da ɗalibai, na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na yanke robar daga kan mashin. Na raba irin, tiya huɗu a ƙwarya, uku a buhu, don in rana ta sake cinye wannan shukar kada in koma hannu wofi. Na ɗaure bakin buhun da robar, zagaye huɗu, na rataye a ɗakina. Malam ya shigo ya tsaya kan mashin yana duba totur.

"Ina robata?"

"Tana bakin buhun iri. In kana so, shiga ka kwance."

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi ƙafata, ya koma zaure. Na ɗora ƙwarya a ka, na saɓa sungumi, na ɗingisa zuwa gona.