Hannun da Ya Daina Jin Sartse

Da ya dawo daga sallar asuba yake buɗe shagon, ya share garin katakon jiya, ya zauna a kan benci har gwiwoyinsa su sake shi. A da minti biyu ne. Yanzu kam sai rana ta leƙo.

Baba Shafa ake ce masa a layin, shekara arba'in ke nan. Sunan tsokana ne, don ba ya miƙa aiki sai ya shafe shi da tafin hannu, sama da ƙasa, har ƙarƙashin tebur inda ba mai leƙawa. Masu gaggawa sun sha cewa ya cika tsirfa. Shi dai amsarsa ɗaya ce: babba saman tebur yake gani, yaro ƙasa yake cusa hannu. Shugabar makarantar bayan layi ta gaya mini bencinansa sun ga yara sun fi dubu, ba ta taɓa cire wa ɗaya sartse ba.

Kai ne ka goge inda ba za a yabe ka ba, Baba. Da zarto da guduma ka ciyar da 'ya'ya biyar, kuma ko ɗaya bai gaje ka ba. Ba ka taɓa yi musu gori ba.

A watan jiya ya yi wa jikarsa 'yar kujera. Ya shafa, ya ji sumul. Yarinya ta ja ta, sai ihu, sartse ya shige mata yatsa. Ya sake shafa wurin har sau uku, bai ji komai ba. Ashe yatsunsa sun daɗe da mutuwa, bai sani ba. Wallahi ranar na ga tsufa ya sauko masa lokaci ɗaya. Ga bencin makaranta takwas a jingine bai gama ba, ya ce gara ya mayar da katakon a kan ya ba yara abin da bai yarda da shi ba.

Matarsa ce ta hana. Ita da ke fama da bayanta ta yafa mayafi ta biyo shi shago.

"Malam, shekara arba'in ina cire maka sartse da allura. Wa ya fi ni saninsa? Ka goge, ni in shafa."

Haka suke yi yanzu, a hankali, benci ɗaya a kwana uku. Takan mayar masa da aiki sau biyu, ya yi gunaguni ya sake gogewa. Ya ce daga na takwas zai rataye zarto, ya gaji, kuma gaskiyarsa.

Sannu da aiki, Baba. Sannu, Inna. Allah Ya saka muku, Ya ba ku hutu mai daɗi. Mu kuma da hannuwanmu ke ji har yanzu, mu duba ƙarƙashin aikinmu kafin mu miƙa. Saura benci biyu a shagon.