Dalma a Gwangwanin Alawa

Umma tela ce. A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ta, a nan ta haife mu, kuma duk kusancinmu da teku ba ta taɓa tsoma ko yatsan ƙafarta a ciki ba. Sunanta Latifatu, amma Larabawan da ke kawo mata ɗinkin abaya Ummu Usuman suke ce mata. Duk sanda suka faɗa sai ta sunkuyar da kai kan keke, don Yaya Usuman ɗan farinta ne, kuma tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana in akwai wanda za ta aika. Ni ce 'yar aiken.

"Ki ce wa wancan abinci na nan." Yana zaune a gabanta take faɗa.

Abin da ta sani game da ruwa, a shekarar ambaliya ta koye shi. Daga kan rufin gida ta hango firjin maƙwabta yana tafiya a kan ruwa kamar kwalekwale. Tsohon kekenta kuwa, baƙin ƙarfen da ta gada wurin uwarta, sai daga cikin laka aka tono shi.

Yaya yana aiki a wani shagon kayan mota a unguwar Kurayyat. Ranar Asabar kuma yakan tafi bakin teku a Abhur shi da abokinsa Nawaf mai jirgin ruwa, su yi nutso. Ya daɗe yana hayar kaya, sai bara ya sayi nasa na hannu. Ya baje su a tsakar falo: farantin ƙarfe da ake goyawa a baya, da jakar iska mai kama da taya wadda suke kira fiffike, da wata doguwar ɗamara guda ɗaya da ake zurawa ta hujojin farantin ta zama hannuwa biyu da maɗaurin ƙugu. Ya sa na riƙe masa farantin a baya, yana ja yana sassautawa, har sai da ya iya miƙa hannu ta bayan wuya ya taɓa samansa. Sannan ya fito da wasu 'yan jakunkuna cike da ƙwayoyin dalma kamar gero, ya cusa su a aljihunan da ke jikin maɗaurin tukunyar iska.

Na ce, "Yaya, ƙarfen bai isa ba sai ka ƙara dalma?"

"Sauka ai ba wuya," in ji shi. "Tukunya a cike nauyi ne da ita. In iskar ta kusa ƙarewa sai ta yi sauƙi, ta riƙa jan ka sama. Kuma a lokacin ne dole ka tsaya ƙasa da saman ruwa kaɗan, ka jira jikinka ya fitar da iskar da ya sha. Dalmar ce ke riƙe ka. In ka taso da gudu, jininka kumfa zai yi kamar an girgiza lemon kwalba."

Umma tana kicin, ba ta ji wannan ba. Da ta shigo sai ta ɗauki jaka guda, ta jinjina ta a tafinta, ta ajiye.

"Ki ce masa ya kwashe tarkacen nan, baƙi za su zo."

Bayan 'yan watanni Yaya ya fara ƙorafi. Wai a ƙarshen nutso ruwa yana ɗaga shi, sai ya yi da gaske yake tsayawa. Nawaf ya ce ƙiba ce, ya rage cin mandi, shinkafar nan mai nama da maiƙo. Yaya ya sayo ƙarin jaka ya sa. Abin ya lafa, ya kuma dawowa.

Wata Asabar ya fita bayan asuba. Wurin wani tsohon jirgi da ya nutse za su, mai zurfi fiye da inda suka saba. Da hantsi Umma ta aike ni in ɗauko mata maɓallai a kan kabad. Gwangwanayen alawa biyu ne a wurin. Na jawo na ciki, ya kusa sauke min hannu. Da na buɗe, dalma ce, ta wuce rabi.

"Umma, wannan fa?"

"Mayar min." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ta Yaya ce?"

Ta ci gaba da taka keke, tana ba ni labari a natse kamar tana koya min girki. In ya fita aiki sai ta farke bakin jaka, ta kwashi cokali guda, ta cike gurbin da duwatsun roba na adon abaya don kada jakar ta shaɓe, sannan ta mayar da ɗinkin ta ainihin hujojin allurar farko. Sabuwar da ya ƙaro ma ta bi ta kanta.

"Jiya na ji yana cewa wurin da zurfi, sai na ƙara hannu. Wace uwa ce za ta zuba ido a ɗaura wa mutum dalma a jefa shi teku?"

Na maimaita mata abin da Yaya ya gaya min, ina yi ina sarƙewa, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta tsura wa bakina ido. Keken ya tsaya da kansa.

"Rashin nauyin ne zai kashe shi?"

Na kira Yaya, waya ba ta shiga. Na kira Nawaf, haka. Umma ta zura abaya, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, ta rungumi gwangwanin. Daga Mahjar zuwa Abhur tafiya ce ta ratsa Jidda daga kudu har arewa. Muka shiga mota. Carbi yana hannunta, ko ƙwaya ɗaya ba ta ja ba.

Kafin azahar jirgin ya shigo, shi da sai la'asar yake dawowa. Yaya yana zaune a jingine, abin shaƙar iska a fuskarsa, leɓɓansa sun yi fari. Nawaf ya hango mu, bai ma tambayi abin da ya kawo mu ba, ya nufo Umma yana kiranta inna da Larabci.

"Ya khala, wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba! Ya zazzage duk iskar fiffike, amma yana tashi. Ƙafafu a sama, kai a ƙasa, yana riƙe da igiyar anga tana zamewa. Na cafko ɗamarar ƙugunsa da hannu ɗaya, ɗayan a igiya, muka rataye haka har lokaci ya cika. Duba!" Ya buɗe tafinsa, duk ya yayyage, sannan ya juya ga Yaya. "Na ce maka ka bar mandi, ya dubba, ƙaton banza!"

Umma ta taka katakon hawa ta shiga jirgin, ita da ba ta taɓa ba. Ta ɗora gwangwanin a cinyar Yaya.

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu ya zaro jaka ɗaya daga aljihun kayansa, ya tsaga ta da wuƙarsa. Duwatsu suka watsu a ƙasan jirgi, kore da ruwan zinare, suna gangarawa tsakanin ƙafafun mutane.

Yaya ya janye abin fuskar. "Umma?"

Ta juyo ta dube ni. "Ki ce masa…"

A asibiti suka kwantar da shi har washegari. Ba su sami komai ba sai ciwon kafaɗa, suka ce ya nisanci ruwa na wani lokaci. Da ya dawo gida bai yi faɗa ba, bai kuma kai ƙara wurin kawunnai ba. Ya ɗauko ma'aunin kicin ya ajiye a gefen kekenta, ya jera jakunkunan, ya zauna a ƙasa.

Umma ta farke su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsince duwatsun, ta riƙa zuba dalma da cokalin nan, wasu ƙwayoyin suna zubewa. Shi kuma yana kallon ma'auni.

"Khalas, Umma. Ya yi."

Ta ƙara ɗan kaɗan. Ya sa yatsu ya tsince abin da ta ƙara, ya mayar gwangwani.

Ta zura zare a allura, sai a karo na uku ya shiga.

"Ki tambaye shi, komawa zai yi?"

Yaya bai jira na tambaya ba. "Zan koma, Umma."

Ta ninka bakin jakar ta fara ɗinki, layi biyu, a matse.